Ranar da Ɗiyata Ta Kife a Kan Ruwan Yanbu

A unguwar Harra ta Gabas a Madina aka haife ni, kuma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba. Da babbar ɗiyata ta gama karatun jinya, sai ta nace mu bar Madina mu je Yanbu, bakin teku, hawan jirgin ruwa.

Da muka yi nisa da gaɓa, mai jirgin ya kashe inji. Ta sa tabarau na ruwa, ta cusa wani bututu a baki, ta faɗa ruwa. Sai na gan ta a kife, hannuwa a baje, ba motsi.

"Ɗauko min ita, ba ta numfashi!" na ce wa mai jirgin.

"Hajiya, ta bututun take shaƙar iska," in ji shi. "Kifi take kallo."

Ban yarda ba sai da ta ɗago kai tana dariya. "Ya ummi, ta'ali!" Wai in zo.

Ban je ba. Na zauna bakin tsanin jirgin ina salati, idona a kan bututun, har ta fito. Ban daina salatin ba sai da muka taka ƙasa.