Kwaɓin Mushe Lawali a Hanyar Atantane

Har yau ban manta da ranar da gardi Ɗan Jimma, dogarin gwamnati, ya diro daga motata tana cikin tafiya ba, yana salati, ya bar bindigarsa a kan benci. Ku matasan direbobin ma'aikata kun sha tambayata yadda aka yi. To ku gyara zama, yau zan ba ku shi tun daga tushe.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa kuwa ita ke riƙe da ƙasa. Ni ne shofer, wato direba, na ma'aikatar gona a Tasawa. Mota ɗaya gare mu, ƙarama, mai tanti a baya da benci biyu suna kallon juna. In bazara ta yi, aikinmu zagaya rumbunan iri. Ga wanda bai sani ba, bayan kaka gwamnati takan ajiye gyaɗa mai kyau a manyan ƙauyuka, a rufe, sai dab da damina a raba wa manoma su shuka. Kafin rabon sai an je an duba ko ƙwari sun shiga, ko ɓera, ko ɗan Adam. Wannan zagayen shi muke kira turne. Ba a fita sai da takardar izini wadda shef, shugaban ma'aikatarmu, ya sa wa hannu, an rubuta wanda zai shiga motar da kayan da za a ɗauka. Abin da ba ya cikin takarda, ko tsintsiya ce, a wuyan shofer yake.

Malamin gonan da na fi fita da shi shi ne Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin 'yan Faransanci, mutumin Baudeta, siriri, mai tabarau. Aikinsa ba wanda ya taɓa kushewa. Amma abu biyu sun shiga ransa har sun yi masa yawa. Na farko karatu. Wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, da zai koma gida ya bar masa akwati cike da littattafan Faransanci masu hoton ban tsoro a bango. Babu na noma ko ɗaya. Duk labarin mutanen da suka hau jirgin ƙarfe suka tafi wata ne, da mutanen ƙarfe masu magana, da macizai masu fiffike da ke hura wuta. Na biyu gashin burodi. Ya koya wajen wani kuku tun yana ɗalibi, ya zo ya gina tanderu a tsakar gidansa, daidai inda matarsa ta so a yi akurkin kaji.

Matsalar ita ce tare yake yin su. In ya zuba burodi sai ya zauna bakin tanderu ya buɗe littafi, ya ce in babi ya ƙare burodi ya nuna. Mu a biro, wato ofis, daga burodin muke gane irin babin. In ya kawo shi da ɗanyen ciki, to an yi yaƙi a sararin sama, ya karanta da gudu. In ya kawo shi baƙi ƙirin, to babin dogon surutu ne. Duk da haka muna ci, don a lokacin ba mai gasa burodi a garin. Sai wanda kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo daga Maraɗi, wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi.

In muna hanya yakan fassara mana labaran da Hausa. Ni nishaɗi nake ɗaukarsu. Ɗan Jimma kuwa, gardin da ake haɗa mu da shi, ƙato ne mai gashin baki, amma labaran nan suna shigarsa. Tsoro yake ji, kuma ba ya iya haƙura. Kullum shi ne mai cewa, "Mushe, daga nan sai aka yi yaya?"

Ana gobe abin zai faru muna zaune gindin itacen bedi a harabar biro, Mushe Lawali ya ba mu na sabon littafinsa. Wasu matafiya ne suka dawo daga wani tauraro mai nisa, mutanen can suka ba su wata tukunyar ƙarfe a ɗaure, suka ce kada su buɗe sai sun sauka gida. Suna tsakiyar hanya sai suka fara jin abu yana numfashi a ciki.

Ɗan Jimma ya ce, "Me ke ciki?"

Mushe ya ce, "Nan na tsaya. Babi ɗaya ya rage."

"Haba Mushe! Ai ba a tsayawa a wuri irin wanga."

Muna cikin haka shef ya kira Mushe Lawali. Ashe babban mai duba aiki, wanda muke kira Ansifekta, ya iso daga Yamai, zai ga rumbunan wajen Mayahi da idonsa. Sunan mutumin nan ya riga shi zuwa. An ce ya taɓa korar shofer don ya sami rago a bayan motar gwamnati. An kuma ce tun da ya yi karatu a ƙasar Turawa ba ya karya kumallo sai da burodi. Shef ya fito da ɗan garin alkamar da yake ɓoye wa manyan baƙi, ya danƙa wa Mushe, ya ce, "Gobe da hantsi nake son burodi a kan tebur. Kuma don Allah, Lawali, ka rufe littafi."

Mushe ya kwaɓa tun da asuba. Don ya tashi da wuri, sai ya juye duk lebur ɗin da ya rage masa, wato abin da ke sa kwaɓi ya kumbura. Bai ko hura wuta ba sai ga saƙo: Ansifekta ya ce ba zai jira hantsi ba, yanzu za a kama hanya kafin rana ta yi zafi, kuma malamin gona zai bi shi.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. Mushe ya rasa yadda zai yi. Garin shef ne, babu wani. Matarsa ta ce ita ba ta taɓa tanderun da ya cinye mata wurin kaji. Sai ya tuna yana da aboki a Mayahi mai ɗan tanderu. Ya juye kwaɓin cikin garwar ƙarfe mai murfi, ya ɗaure da waya, ina can ina cika jarkar ruwa ya tura ta ƙarƙashin benci ya rufa buhu.

Muka tashi. Ansifekta a gaba kusa da ni, gajere, fuska a murtuke, ko gaisuwata da kai ya amsa. Mushe da Ɗan Jimma a baya tare da jakar Ansifekta da hularsa ta kwano, wadda ya ce a ajiye masa a kan benci don kada ta yi ƙura. Hanyar kuwa kun san ta, ko da yake ta yanzu aljanna ce. Rairayi ne da sawun kamiyon gyaɗa, mota na tsalle kamar ɗan akuya.

Mun duba rumbu na farko lafiya. Rana ta take, tantin baya ya zama kamar tanda. Mun miƙa wajen Atantane sai na fara jin wani sauti, fuuu, ya tsaya, fuuu.

Ansifekta ya ce, "Shofer, tayarka na sacewa."

Na tsaya, na zagaya tayoyi huɗu ina dukansu da ƙafa. Lafiya lau. Na leƙa baya, na ga Mushe ya kafa ido a littafi, zufa na zuba, ashe ko harafi ba ya gani. Ɗan Jimma kuwa ya ɗauke ƙafafunsa ya ɗora kan benci.

Ya raɗa mini, "Haruna, akwai abin da ke numfashi a motar nan."

Na ce, "Kai dai ka rage sauraron labari."

Muka ci gaba. Sautin ya ƙaru. Ina jin Ɗan Jimma yana cewa, "Mushe, ka ji? Mushe, ka gaya mini gaskiya, a littafin nan wa abin ya fara kamawa?" Mushe ya ƙara kifa kai cikin littafi.

Mun hau wani tudun rairayi ke nan sai ji muka yi ɗau! kamar an harba bindiga. Wayar ta tsinke, murfin garwa ya tashi ya bugi ƙarfen tanti. Na waiwaya. Wani farin abu mai kumfa ya ɗago buhu, ya kumburo daga ƙarƙashin benci, yana rarrafowa a hankali. Mota ta yi tsalle, hular Ansifekta ta faɗo cikinsa, ya haɗiye ta. Ƙafar Ɗan Jimma ta zamo daga benci, abin ya kama takalminsa.

Ɗan Jimma ya kurma ihu, "La'ilaha illallahu! Ya hito!" Ya yi tsalle ta bayan mota, ya mirgina a rairayi, ya tashi da takalmi ɗaya ya yanki daji.

Na taka birki a kan tudun. Duk shofer ya san ba a tsayawa a nan. Tayoyin baya suka nutse har gindi.

Ansifekta ya fito, ya zagayo, ya tsaya yana kallon abin da ke cin hularsa. Sannan ya ce, "Shofer, mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi yau na fara ganinsa."

"Yana cikin takardar izini?"

"Ba ya ciki, ranka ya daɗe."

Nan na ga aikina ya bi na shofer ɗin nan mai rago. Ga mata, ga yara, ga tsohuwa a gida. Sai Mushe Lawali ya sauko, kwaɓi har gwiwa, ya cire tabarau ya ce, "Mushe Ansifekta, shofer bai sani ba. Ni na ɓoye. Burodinka ne."

"Burodina?"

"Da an yi jiran hantsi, da ya zama."

Na ɗauka nan take zai kore shi. Ya dai dube shi sama da ƙasa ya ce, "A fara fid da motar."

Muka haƙa, muka shimfiɗa ƙarafan da ake sa wa taya, muka tura. Ta ƙi. Ɗan Jimma ya dawo yana ɗingishi, ya tsaya nesa, sai da Mushe ya gutsuri abin ya sa a baki sannan ya matso. Shi ma ya tura, ta ƙi. Azahar ta wuce. Ansifekta, wanda bai ci komai ba tun safe, ya zauna a inuwar wata aduwa, ana jin kukan cikinsa daga inda muke.

Can sai ga wani dattijon makiyayi da raƙuma, rawani har hanci. Ya yi sallama, ya leƙa motar, ya ce, "Ku kuwa ga abinci, kuna zaune da yunwa?"

Mushe ya ce babu tanderu. Dattijon ya ce su da ke yawo da dabbobi ina suka ga tanderu? Ya tara ƙirare ya hura wuta a kan rairayi. Da ta zama garwashi ya ture ta gefe, ya sa Mushe ya ɗebo na cikin garwa wanda bai taɓa ƙasa ba, suka faɗaɗa shi kamar faifai, suka kwantar a rairayin mai zafi, suka rufe da toka da garwashi. Mushe ya durƙusa yana kallo kamar an buɗe masa sabon littafi, yana ta tambaya. Da aka tono, dattijon ya kakkaɓe shi, ya goge da gefen rawani, ya karya. Ƙamshi ya tashi.

Ansifekta ya karɓa da yatsu biyu. Ya ci. Ya miƙo hannu ya ƙara. Shi ya ci fiye da rabi, yana tofar da ɗan yashi. Bayan nan aka ɗaura wa motar igiya, raƙuma biyu suka fizge ta kamar wasa.

Kafin mu tashi Ansifekta ya sa Ɗan Jimma ya yi bayanin abin da ya sa gardin gwamnati ya gudu ya bar bindiga. Ɗan Jimma ya ba da labarin tukunyar tun daga farko, har da kwaikwayon numfashi. Ansifekta ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "To me ke cikin tukunyar?"

Mushe ya ce, "Ban kai wurin ba, Mushe Ansifekta."

Ansifekta ya miƙa hannu. "Kawo littafin. Shi ma ba ya cikin takardar izini."

Daga nan har Atantane, har Mayahi, yana gaba yana karatu, mota na tsalle, bai ɗago ba sai in an zo rumbu. Mushe a baya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya raɗa mini cewa da a karɓe littafin gara a rage masa girma.

Da muka dawo Tasawa shef na tsaye bakin biro, ya ga hular da aka kankare da wuƙa, ya dafe kai. Ansifekta ya ce rumbuna suna da kyau, malamin gona ya san aikinsa, shofer kuma ya riƙa duba ƙarƙashin benci. Hukuncin Mushe shi ne duk zuwan da Ansifekta zai yi, burodi na jiransa, kuma a rubuta shi cikin takarda. Ya miƙa masa littafin ya juya zai tafi.

Ɗan Jimma ya ƙame ya sara masa. "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Me ke ciki?"

Ansifekta ya ce, "Marubucin ya ce sai a littafi na biyu." Ya dubi Mushe. "Kana da shi?"

Mushe ya ce Baturen bai bar masa ba. Ansifekta ya yi tsaki mai ƙarfi, ya shiga masauki.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, motarka amanarka ce, ko waliyyi ne zai hau, ka duba kayansa da hannunka. Na kuma gane abokin aiki na ƙwarai a bakin tudu ake saninsa. Mushe Lawali yana iya yin shiru a kore ni, ba mai shaida. Bai yi ba. Shi ya sa har ya bar aiki, duk burodin da ya kawo biro, ɗanye ko ƙonanne, ni ke fara miƙa hannu.