Sista Guguwa da Maɓallan Rigar Mijinta

Tun tana yarinya ba ta san inda ake ajiye jiki ba. Ita ce babba a ɗakinsu, uwarsu kuma mai yawan kwanciya ce, don haka kafin ta iya ɗaura zani da kyau ta iya wanke ƙanne, ta iya juya mara lafiya ba tare da ta fama masa ciwo ba. In aka aiki ƙanenta ɗebo ruwa, kafin ya nemo takalminsa ta je ta dawo. Kakarsu ce ta raɗa mata Guguwa, sunan kuma ya bi ta makarantar koyon jinya, ya bi ta asibiti, inda aka ƙara masa Sista a gaba. Ko yau ka same ta tana cin abinci, a tsaye za ka gan ta, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi ƙofa.

A makaranta, darasin da ya fi gundurar 'yan ajinsu shi ne na ra'ayoyin da aka gina aikin jinya a kansu. Allura da ɗaurin ciwo kowa na so, amma a zauna ana tambayar wai mece ce jinya, sai hamma ta tashi. Malamar, wata dattijuwa mai magana kamar ba ta so, ta bi ra'ayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wani masani ya ce ka gyara wa mara lafiya iska da haske da shimfiɗa, jiki zai yi sauran. Wani ya ce hira da yarda tsakanin nas da mara lafiya su ne rabin magani. Guguwa tana ta kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci har aka zo kan wanda ya ce kowane mutum shi ne mai jinyar kansa, aikin nas kawai ta cike gurbin abin da ya gagare shi. Marasa lafiya aji uku ne: wanda za a yi wa komai, wanda za a taya, da wanda za a koya wa a ja gefe. Malamar ta ɗago ido ta dube ta.

"Ke, hannunki ya cika sauri. Duk abin da kika yi wa mutum alhali zai iya da kansa, ƙwace masa kika yi."

Maganar ta yi mata zafi, ta kuma zauna mata daram. Da aka tura ta ɗakin maza, a kan wannan ra'ayi ta kafa aikinta. Sabon mara lafiya bai gama zama a gado ba ta iso kansa tana tambaya, "Baba, me da me kake iya yi wa kanka?" Sai ta damƙa masa cokali, ta mai da hannuwanta baya, 'yan yatsunta suna kokawa da juna, ta tsaya tana kallo abinci yana zuba a ƙirji. Dangin marasa lafiya sun sha zaginta a bayan ido. Wai ba ta da imani, wai mutum yana fama da kofi ita tana tsaye ƙiƙam. Ko a jikinta. Amsarta ɗaya ce: "In an sallame shi, ni zan bi shi gida?"

Allah kuwa ya haɗa ta aure da wani tela, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ita tana kai da kawo a tsakar gida tana zuba labarin asibiti, shi yana zaune da allura a hannu yana ƙarasa wuyan riga, yana cewa "to" da "ikon Allah". Har ya haddace darasin. In autansu ya bar kwano inda ya ci, sai ya ce, "Sista, ɗan nan naki aji na farko ne, sai an yi masa komai." A gida ma Sista yake ce mata, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wata safiya almakashi ya faɗi daga hannunsa a shago, ya sunkuya zai ɗauka, bai iya tasowa ba. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ƙafar ta dawo da sauƙi, baki ya ɗan karkace amma ana gane maganarsa. Hannun ne ya tsaya. Ranar sallama mai gashin ƙashi ta ce akwai rai a hannun, in aka sa shi aiki a watannin nan na farko zai farfaɗo, in aka bar shi zai ƙage, shi ke nan. Ta faɗa tana 'yar dariya, don ta san wa take faɗa wa. Wannan jimla Guguwa ta faɗa wa matan mutane ba adadi.

To, ka ji inda gizo ke saƙa. Matar da ta iya tsayawa kan mazan wasu ta kasa tsayawa kan nata. Ranar farko ta ba shi cokali, ta ga hannun nan da ke zura zare a allura ba tabarau yana rawa yana laluben baki. Ta karɓe cokalin, ta ce yau dai ya huta. Daga nan ta zama hannunsa. Ta yi masa wanka, ta sa masa kaya, ta taje masa gemu, kafin ya dubi kofi ruwa ya kai bakinsa. Hutun da ta ɗauka ya ƙare, ta koma aiki, amma lokacin cin abinci sai ta hau mota ta dawo ta ba shi, ta koma da gudu. Ƙannensa mata suna zuwa suna sa mata albarka, suna cewa Yaya ya dace, auren nas riba ne. Yabon yana mata daɗi, kuma yana ci mata rai, domin ido ba ya ƙarya: hannun yana kan cinyarsa kullum, 'yan yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Takan murza su da mai, ta ce a ranta gobe za su fara. Goben ta ƙi zuwa.

Wata safiya ta makara. Jaka a kafaɗa, ta zura masa riga, ta kama maɓallin farko. Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan nata.

"Sista."

"Na'am, Malam. Bari in gama, na makara."

"A wane aji... kika sa ni?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Bai saki hannunta ba.

"Na biyu," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wanda za a taya."

"To me ya sa... kike mini na farko?"

Ba faɗa a muryarsa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta, da haushi, da tsoro. Ta buɗe baki za ta ce tausayi ne, sai ta ga ba tausayinsa take ji ba, kanta take tausaya wa, ita ce ba ta iya jure kallo. Ta saki rigar.

A ɗakin ba za ta iya tsayawa ba, ta fita tsakar gida. Ta share inda ta riga ta share. Ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba, ta sake shanyawa. Ta zuba wa kaji ruwa a kan ruwa. Daga ciki tana jin nishinsa, da tsaki, da shiru, da wani nishin. Sau da yawa ta kai bakin ƙofa ta juyo. Motar da take hawa ta wuce, ta ji ƙararta, ba ta ko leƙa ba.

Da ya kira ta, ta same shi sharkaf da gumi, hannun dama yana karkarwa a kan ƙirjinsa. Ya sa maɓallan, amma ya tsallake rami ɗaya tun daga sama, rigar ta karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. 'Yan yatsunta suka yi gaba da kansu. Ta janye su, ta ɗauki kujerarsa ta kai masa ƙofar gida inda yake shan hantsi, ya biyo ta da sandarsa a hankali.

Maƙwabciyarsu mai shagon kayan masarufi tana buɗe ƙofa, ta hango su, ta taho tana tafa hannu.

"Haba Sista! Ke da kike gyara na waje? Dubi rigar bawan Allah, tela guda! Kawo in gyara maka, Malam."

Guguwa ta riƙe mata wuyan hannu tun kafin ya kai.

"Bar masa."

"Ni... na sa," in ji tela.

Maƙwabciyar ta dube shi, ta dubi Guguwa, ta taɓe baki ta koma shagonta. Kafin azahar unguwa za ta ji cewa nas ta gaji da jinyar mijinta, Guguwa ta san haka sarai. Ta gyara jakarta ta kama hanya, ƙafafunta suna son juyawa.

Sai da ta kai kwanar titi ta waiga. Ya sunkuyar da kai yana duban gaban rigar da idon sana'arsa, ya ga karkacewar da kansa. Ya ɗago hannun dama a hankali, ya kai wuya, ya fara ɓalle maɓallan zai sake daga farko. Mota ta tsaya a gabanta, ta shiga tana share ido da gefen mayafi.