Hoton da Na Ƙi Ɗauka a Gangara

Cadakori zuwa Gazawa

Ana sallame asuba na ɗaura akwatin hotona a bayan jaki na bar Cadakori. Kakar farko ce bayan samun 'yancin kai. Ana shirin biki a Maraɗi, aka ce masu hoto su kawo abin da za a nuna wa jama'a. Ni kuwa na ji labarin wani tsoho a Gangara, Baba Ango, wanda ya bar wa namun daji wuri cikin gonarsa. Shi na nufa.

Na bar jakin wurin ƙanena a Tibiri, na samu kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, mai zuwa gabas. A shingen Agye jandarma ya sa aka sauke akwatin.

"Mi ag ga ciki?"

"Na'urar hoto ce, ranka ya daɗe."

Sai da na ɗauke shi hoto yana ƙame kafin ya ɗaga sandar shingen. La'asar sakaliya muka shiga Gazawa, na sauka gidan Alhaji Maikano, ɗan kasuwa da kakanninsa suka zo daga ƙasar Katsina. Tuwon gero da miyar kuka aka ba ni, na ci har na ji kunya.

Gangara

Washegari Alhaji ya haɗa ni da mai amalanken shanu, da hantsi muka isa. Baba Ango dogo ne siriri, haƙoransa sun zube. Ya zaga da ni gona. Gawo da kalgo duk ya bar su tsaye, gefen tabki kuma bai taɓa sa masa hauya ba. Bayan girbi yakan bar kunya biyu na gero bai yanke ba.

"Baba, ba ka asara?"

"Ɗana, nan na iske su. Zabin daji na cinye min fara. Barewa kuma, mi za ta ci da za ta rage ni?"

Da yamma muka laɓe bayan kalgo. Gauraka suka sauka bakin ruwa, zabi suka fito layi guda, can sai ga barewa da ɗanta, ƙafafunsa na rawa. Nan take na danna na'urar na ɗauke su.

Ban gama murna ba muka ji ƙugin mota. Wani babban ma'aikacin buro ne, wato ofishin gwamnati, sanye da farin wando, baƙar fata irinmu, wanda ya gaji kujerar Nasara. A kasuwar Gazawa ya ji labarin gonar. Ko sallama bai yi ba. Ya miƙe cikin motar ya saita bindiga.

Baba Ango ya ruga yana ihu, "Ranka ya daɗe, tana da ɗa! Tana shayarwa!"

Ƙarar bindigar ta riga shi. Barewar da ta saba da mutane har ba ta gudu, ta faɗi bakin ruwan da aka bar mata. Wannan ba farauta ba ce. Wanda ya harbi akuya a turke ma ya fi shi wahala.

Mutumin ya sauko, ya ɗora takalminsa a wuyanta, ya yafuto ni.

"Kai mai hoto, ɗauke ni."

"Ba ni ɗauka."

"Ka san ko ni wane ne? Ina iya hana a rataya hotonka ko ɗaya wurin biki."

Na rufe na'urar da baƙin ƙyallena na tsaya. Ya zage ni, ya sa direba ya jefa naman a mota, suka bi ta kan geron da aka bar wa tsuntsaye suka tafi. Wai mu ne muka karɓi ƙasa! Tsoho ya yi shekaru yana lallashin dabba ta yarda da ɗan Adam, wani ya zo da farin wando ya rushe kafin a tafa hannu.

Baba Ango ya daɗe yana kallon sawun motar. Sannan ya ce, "Ashe Nasara ya tafi ya bar bindigarshi."

Muka samu ɗan barewar kwance cikin ciyawa. Tsohon ya rungumo shi zuwa gida, matarsa Iya Hajo ta riƙe wata jar akuya mai jego. Akuyar ta yi ta harbi, Iya na lallashinta, "Haƙuri, maraya ne." Daga ƙarshe ya kama nono. Wannan na ɗauka.

Komawa

Na sake kwana a Gazawa, na biyo kamiyon fatu zuwa Maraɗi. Ma'aikacin nan ya cika alkawarinsa, ba a karɓi hotona ko ɗaya ba. Sai na manna su a allo na jingina a ƙofar kasuwar Tibiri. Manoma suka yi cincirindo, kowa na tambayar wane ne tsohon nan, na yi ta ba da labarin har muryata ta dushe. Wani dattijo ya ce shi ma akwai kwari a gonarsa, bana ba zai share shi ba.

Da magariba na shiga Cadakori lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah. Na gode wa Alhaji Maikano, da Baba Ango, da Iya Hajo, har da jar akuyarta. Mai farin wando kuwa, shi da Allah.