Jan Galura a Hannun Mai Takaba

Shekarar da mijin yayata ya rasu, ni aka tura Bagudo in zauna da ita har ta fita takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado, ba turare, ba lalle.

Marigayin ɗan tireda ne. Yakan tsallaka ƙasar Benin a kan babur ya sayo littattafan rubutu na 'yan makaranta, masu ƙananan layuka a gicciye kamar raga. Ya bar kwali biyu a ɗaki. Ita kuwa sana'arta rina kaba ga masu saƙar tabarma da faifai. Da rasuwar ta zo sai rini ya tsaya, galura ta yi ta zama a gwangwanaye.

A rana ta takwas, da masu gaisuwa suka ragu, ta yago takarda takwas daga littattafan ta shafa musu launi. Daga nan kullum ɗaya, bayan sallar walaha. Ban tambaye ta dalili ba.

Takan jiƙa galura a murfin kwano, ta sa ɗan ƙaro don launin ya kama. Burushinta asuwaki ne da ta tauna bakinsa. Wata rana ta danna guntun tsohuwar komar kamun kifi a kan takarda tun da danshi, sawun ragar ya fito. Ta gwada zoɓo, ya shiga ja ya bushe toka-toka. Amma yawanci da yatsu take shafawa, kuma jar galura ba ta fita da sabulu. Kafin arba'in, yatsunta sun yi ja har gindin farce.

Wata mata da ta zo gaisuwa ta ga hannun. Bayan kwanaki muka ji ana faɗa a Bahindi, garin dangin mijin, cewa matar marigayi ta ƙunsa lalle tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Macen da aka yi wa wannan shaida ba ta sake zama cikin dangin miji da mutunci, kuma yayata a gidan marigayin take son ta rena 'ya'yanta.

Uwar mijin ta zo da kanta a kan kabu-kabu. Ba ta sha ruwan da na kawo ba.

"Ɗiyata, miƙo hannunki."

Yayata ta miƙa. Tsohuwar ta juya shi ciki da baya, ta kai hanci ta sansana.

"Wannan ba ya ƙamshin lalle. Wane irin shirme ne?"

"Galura ce, Inna."

"Kabar wa kike rinawa, ke da ba ki leƙa ko zaure?"

Yayata ta ɗaga tabarma ta fito da takardun, inda take danne su don kada su nannaɗe. Tsohuwar ta gane littattafan ɗanta tun kafin a faɗa mata. Ta lashi yatsa ta shiga ƙirgawa, a hankali, ba wadda ta tsallake. Ta tsaya a hamsin da uku.

"Yau kwana nawa?" ta tambaye ni.

Na ce hamsin da uku.

Ta jima tana duban ta farkon, wadda baƙi ya fi yawa a cikinta. Sannan ta ce, "Ni lokacin takabata da tsakuwa nake ƙirga nawa, a cikin ƙoƙo. Ba wanda ya ce na yi ado." Ta jawo kofin ruwan ta sha. "Na Bahindi ki bar ni da su. Amma ki riƙa ɗaura leda a hannu, don ba kowa zai zo ya sansana ba."

Haka aka yi. Jan ya bi farce ya fita a hankali, maganar ma ta mutu. Ranar fitar takaba yayata ta haɗa takardun, ta ɗinke su da zaren kaba, ta ba ni, ta koma bakin tukunyar rininta. Har yanzu a gidan take.

A cikin littafin nake rubuta abin da ba na son mantawa. Shafukan baya sun fi tsabta, launinsu a kwance. Hamsin da uku na farko kuwa duk akwai sawun yatsunta, kuma a kansu ban taɓa rubuta komai ba.