Ranar da Akokona Ya Toshe Tagogin Inna

Na tsufa, abubuwa da yawa sun kwance mini, amma abin da ya faru a ɗakin mahaifiyata a Rabah, zamanin Turawa, yana nan daram a raina, kuma ba zai gushe ba muddin ina numfashi.

A lokacin ina malamin asibiti, ban daɗe da fitowa daga makarantar mishan ba, inda aka horar da mu cewa kowane aiki yana da ƙa'ida, kuma wanda ya tsallake ta ba shi da uzuri. Mahaifiyata tana fama da ciwon fuka. Duk ƙarshen bazara, idan hadari ya taso daga gabas ya turo jar ƙura gabansa, sai ta kwana uku ƙirjinta yana kuka. Na ƙudurta cewa wannan shekarar ba haka za a yi ba. Na sayi akoko, na auna tagoginta biyu, na sa kafinta ya haɗa musu katako, na ɗame yadin ninki biyu, na buga da ƙusa. Sannan na kafa doka: da an ga gabas ta yi ja, a jiƙa yadin, a rufe ƙofa. Dabarar daidai take, har yau ban janye wannan magana ba.

Guguwar ta zo wata Laraba da la'asar. Gari ya yi duhu, ruwa kuwa bai sauka ba. Da ta lafa na shiga ɗakin, na shafa yatsa a kan kwanonin jere, babu ƙura ko kaɗan. Washegari na tafi Goronyo aikin lamba, wato rigakafin agana, bayan na gargaɗi mutanen gida kada wanda ya taɓa tagogin nan, kada kuma a bar ƙofa buɗe, tunda iskar gari ba ta washe ba. A gidanmu ba a ja da maganata.

Bayan kwana biyu na dawo da azahar, na tarar da Inna a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, gumi yana zuba, numfashi yana fita da ƙyar. Ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Ina cikin lalube a jakar magani sai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono daga Tursa ta leƙo.

"Malam, mi kab buga ga tagogin ga?"

"Matacin ƙura ne, Goggo. Aikin ilimi ne."

Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar sakaina. "Wanga ai bango na! Ni da ban yi boko ba, in na tace nono sau guda sai na wanke ƙyallen. Kai ka tace Rabah duka, kab bar shi ya bushe."

Na duba. Jiƙaƙƙen yadin ya sha ƙura, ƙurar ta zama laka, rana ta gasa ta. Babu kafar da iska za ta bi. Na fizge katakon da hannuna, muka fito da Inna ƙarƙashin rumfa, aka yayyafa ruwa a ƙasa, ana yi mata fifita. Sai bayan la'asar ƙirjinta ya saki. Da ta iya magana, ba ni ta duba ba, domin ni ɗan fari ne. Goggo ta duba, ta ce, "Na so in ce a cire. To, shi ya hana, kuma shi al likita."

Wannan kalma ta fi ba'ar Goggo zafi.

Ban yar da akoko ba. Na cire ƙusoshi na sa maƙalai, na yanka yadi biyu ga kowace taga, domin a wanke ɗaya a rataya ɗaya bayan kowace guguwa. Inna ta ga damina da yawa bayan haka, ƙirjinta lafiya. Abin da na koya shi ne, kafa ƙa'ida rabin aiki ne, kula da ita ne sauran. Kuma mutumin da ya tsananta har mahaifiyarsa ta gwammace ta shaƙe da ta gyara masa kuskure, shi ne ya fi kowa bukatar gyara.