Tarihin Mai Guga, Wanda Aka Yi Karatu a Ƙirjinsa

Haihuwarsa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka sani da Mai Guga, a shekarar 1943, a wani gida mai ɗaki biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gadin sito ne, mahaifiyarsa tana ɗinkin hannu. Cikin 'ya'yansu tara, ƙyanda da tari suka yi ta ɗauka ɗai-ɗai har aka bar biyu: shi da wansa, mai ba da wannan tarihi, wanda cututtuka suka gwada shi suka ga ba riba, kuma har yau da haƙoransa yake fasa ƙashi.

Ƙuruciya da cutar farko

A shekarar 1952 maƙogwaronsa ya yi ciwo ya warke, ba a jima ba sai zazzaɓi ya kwantar da shi, kumburi yana yawo daga gwiwa zuwa wuyan hannu kamar baƙo mai neman masauki. Ya tashi, amma gudu ya gagare shi har abada. Tun daga lokacin yakan ce yana jin iska a ƙirjinsa, tamkar wani na can nesa yana hura bakin kwalba. Makaranta kuwa, shi da wansa ba wanda ya taka ƙofarta.

Sana'a

A shekarar 1961 ya kafa teburin guga a ƙarƙashin wani bene da ke kallon asibitin koyarwa, inda yakan wuni cikin tururi, fararen rigunan likitoci na lilo a kansa. A shekarar 1968 wani babban likita ya ga yana haki, ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya lumshe ido ya daɗe yana saurare. Daga bisani ya bayyana masa cewa ba da cutar aka haife shi ba, musabbabinta wancan ciwon maƙogwaro ne, wanda ya zo da gaggawa ya wuce, ya bar wa wata ƙofa ta zuciyarsa tabo, shi ya sa ba ta rufuwa sosai; irin wannan ita ake kira cuta mai daɗewa, ta lafa, ta motsa.

Daga wannan shekara aka riƙa gayyatarsa asibitin ranar jarrabawar ɗaliban likita. Yakan kwanta a bayan labule, ɗalibai su kewaye labulen kamar balbelu, su shiga ɗai-ɗai su saurara. A nan ya koyi cewa alamu iri biyu ne, akwai wadda majiyyaci ke ji, akwai wadda likita ke gani. Ya kuma koyi cewa gano cuta daban, hasashen makomarta daban. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: kada ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba, domin kada ya ba ɗalibi amsa. Ya riƙe ta tamkar alwala. Ƙirji irin nasa kuwa, duk faɗin ƙasar ba a sake samu ba, duk wanda ya ce akwai, ya kawo a ji.

Aure da iyali

A shekarar 1970 ya auri 'yar wani mai gyaran agogo, kuma Allah ya albarkace su da zuri'a. Idan ya dawo yana taƙama da yawan waɗanda suka saurare shi, takan ce: "Maigida, rage cika baki. Duk na riga su karatun nan, ni kuma ko farar riga ba a ba ni ba." Ta rasu a shekarar 2009, kuma bayanta ba a sake samun mai lura da kwanonsa ba.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2014 wata cuta ta daban ta shigo masa ta ciki. Loma kaɗan sai ya ƙoshi, wando ya riƙa zamewa. Ya gaya wa wansa yana mafarkin gidansu na bayan tasha, an buɗe wani ɗaki na uku da bai taɓa sani ba. Wansa ya ce: "Kai, bar zancen ɗaki. Kullum kana kwance gaban likitoci, buɗe baki mana!" Ya amsa: "Yaya, ba a tambaye ni ba." Wansa ya ce: "To in sun tambayi gawarka sai ka amsa."

Mai Guga ya ci gaba da zuwa ranar jarrabawa. Ɗalibai suka ga rama suka jingina ta ga zuciya, domin ita aka turo su nema. Su tambayi haki, ya amsa. Su tambayi kumburin ƙafa, ya amsa. Shi kuwa yana kallon labule na kaɗawa, yana jiran mai hazaƙar da zai sauko da hannu taƙi ɗaya ƙasa da ƙirji, ya ci jarrabawar da ba a shirya ba. Ko ranar da ya je karɓar magani haka yake yi, domin a wurinsa duk farar riga jarrabawa take rubutawa. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a kan teburin guga aka gano ciwon daji ne, kuma ya riga ya yaɗu. Da babban likitan wannan zamani ya zo zai yi masa hasashen abin da ya rage, sai Mai Guga ya ce: "Likita, huta. Wannan babin na sha jin sa."

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2016, yana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarsa a ƙofar gidansa, likitoci masu furfura a sahun gaba, wansa kuma shi ya shiga kabari da ƙafarsa don karɓar gawar ba tare da an riƙe shi ba. Allah ya jiƙansa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babbansu, direban babbar mota, mai bi masa, wanda ya gaji teburin guga, ta uku, malamar makaranta, sai auta, ma'aikaciyar jinya, wadda har yau abokan aikinta ke ƙorafin tana ɓata lokaci, domin ba ta sallamar majiyyaci sai ta ja kujera ta zauna ta ce: "Baba, ban da wannan, me kuma ke damun ka?"