Kwana Tara a Kan Dutse da Usaina

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Na tashi da asuba na dama kunu. Mijina Bawa ya saɓi fartanya ya tafi gonar dawa tun rana ba ta fito ba. Tagwayena, Hassana da Usaina, watansu bakwai a duniya. In ba ni ba, ba mai iya bambanta su. Ko a ma'aunin asibiti nauyinsu ɗaya.

Ƙauyenmu yana bayan Mahuta, a gindin dutse. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Sati biyu ana raɗe-raɗin ɓarayin shanu sun shiga ƙauyukan wajen Kanya. Maza suka ce ba za su iso nan ba.

Ƙarfe takwas aka buga ƙararrawar makaranta. Rifkatu, ƙanwar mijina, ta shigo aron rariya da ɗanta a goye. Ta ɗauki Hassana tana yi mata wasa. Ni ina ba Usaina nono.

Kaji ne suka fara yin tsit. Sannan shanun unguwar gabas suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Takwas da rabi ba ta cika ba muka ji harbin farko. Na ɗauka maharba ne. Sai ya zo a jere, ba tsayawa. Bindigar toka ba ta yin haka. Sai muka ji wani maƙwabci yana ihu daga waje:

"Ku hito! Kowa shi hito!"

Rifkatu ta fita ta bayan danga da ɗanta da Hassana, ta bi hanyar mota. Ni na tsaya neman zanen goyo. Kafin in ɗaure Usaina ɓarayin sun tare hanyar. Na juya na kama dutse, ba takalmi.

Mu bakwai muka haɗu a kogo, duk mata, sai tsoho ɗaya makaho. Daga sama muna ganin rumbuna suna ci da wuta. Ƙaurin dawa ya hau har inda muke. Da azahar aka kece da ruwa, ba a ɗauke ba sai la'asar.

Ba su tafi ba. Sun zauna a gidajenmu suna yanka awaki. Washegari da hantsi muka ji takunsu a ƙarƙashin kogon. Usaina ta motsa za ta yi kuka. Na danna fuskarta a ƙirjina har suka wuce. Da na sake ta, leɓenta ya yi baƙi.

Kwana na huɗu suka kora shanun. Muka gangaro, muka tarar rafi ya kawo, ya cinye mashigi. Garin ba kowa, ba ko tsabar hatsi. Muna jin harbi daga nesa, muka koma sama.

Ganyen tafasa muke ci ɗanye. Muna shan ruwan da ya kwanta a ramukan dutse. Nonona ya ragu tun kwana na uku, a na biyar ya ƙafe. Na riƙa tsoma bakin zane a ruwan ina matsa mata. Zawo ya kama ta. Maɗigarta ta faɗa. A kwana na bakwai ta daina kuka. Sai dai ta buɗe baki, ba murya.

Kwana na tara, wajen ƙarfe goma na safe, muka ji usur.

"Ku sauko! Mu ne!"

'Yan banga ne da sojoji biyu. Suka tsallakar da mu da igiya, ruwa iya ƙirji. A bakin rafin aka faɗa mini an tsinci Bawa a gonarsa, har an rufe shi.

Aka kai mu Zuru, gidan wan mijina a Rikoto. Rifkatu ta isa can tun ranar farko, tana shayar da Hassana tare da ɗanta. Na kwantar da Usaina kusa da 'yar'uwarta a kan tabarma. Matan gidan suka duba, suka kau da kai.

Usaina ta yi wata guda a asibiti. Bakinta duk miki, ta ƙi kama nonon kowa. Nawa bai dawo ba. Da tsinkakken kunu na raine ta, a shekarar da ba mu girbe komai ba. Ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara uku.

Yanzu sun zama mata. Usaina iya kafaɗar Hassana ta tsaya. Duk damina sai ƙirjinta ya tashi. Ta bar makaranta a aji huɗu, karatun ba ya zama. Ta iya saƙa, tana da fara'a, ta auri wanda take so.

Bara ta zo haihuwar fari. Kwana biyu tana naƙuda. Likita ya ce ƙugunta bai buɗe ba, ƙashin bai girma yadda ya kamata ba tun tana ƙarama. Ya tambaye ni ko ta yi wata doguwar jinya da jarirantaka. Na ce e. Aka yi mata aiki. Namiji ne, bai zo da rai ba.

In ana maganar ranar nan a ƙauyenmu, mutum shida ake cewa an kashe, har da Bawa. Ni bakwai nake ƙirgawa.